Kafin Dabino Ya Fasa Fure

A Tamanrasat aka fara cin lokacina. Kuɗi kam ban je da su ba balle a ci, lokaci ne duk jarina, kuma Lawwali ya san haka tun ranar da ya tarbe mu a bakin gari. Ɗan ƙasarmu ne, ya daɗe a Aljeriya har Hausarsa ta fara karkacewa. Shi ya aika har Dutse cewa Larabawa na neman masu hawan dabino, aikin kaka ɗaya, a sare musu a sauke, kowa ya koma gida da abin sayen injin ban ruwa. Da muka iso sai ya ce motar gona ta lalace, mu ɗan taɓa buga bulo kafin a gyara ta. Motar nan ta fi wata ana gyaranta, kuma har yau ban ga ko tayarta ba.

Sauran ba su damu sosai ba, a wurinsu aiki aiki ne. Ni kuwa kullum hankalina na kan sanyin gida. Ni mutumin Limawa ne, hawan dabino na gada. Mahaifina yana da garka a bayan duwatsu, itatuwan da kakana ya dasa, wasu sun fi kowane bene na unguwarmu tsawo. In sanyi ya kama, macen dabino takan fasa kubenta fure ya fito, sai a yanko furen namiji a hau a cusa mata a ɗaure. Barbara ke nan. 'Yan kwanaki take bayarwa, in aka wuce su shekarar ta tafi a banza. Baba ya yi wannan aiki tun kafin a haife ni, har shekarar da ya faɗo ya karya ƙugu, daga nan ya miƙa mini igiyarsa. Bare kuwa ba ya hau masa itace. Wani ɗan haya ya taɓa sare masa zuciyar wata uwa mai yawan 'ya'ya, ta bushe a tsaye, tun daga ranar ya rantse. Shi ya sa da zan tafi magana ɗaya ya yi mini: in dawo kafin fure, in ba haka ba shi zai hau. Na san shi sarai, ba tsoratar da ni yake yi ba. Tsohon da sai ya huta a hanya kafin ya kai masallaci, shi ne zai ɗaura igiya ya hau.

A wurin bulon na haɗu da Malam Idi, manomin gero daga Garki, dattijo mai furfura a gemu da baki kamar rediyo. Ko bishiyar goba bai taɓa hawa ba, amma ya gaya wa Lawwali shi gwani ne. Na tambaye shi yadda zai yi in an kai mu gona, ya ce ai duk inda ake sarewa a sama dole a sami mai tsincewa a ƙasa. Ya zo da ɗan ƙullin kuka da daddawa daga gida, yana ɓoye su kamar zinariya. Ranar Juma'a yakan kaɗa mana miya, mu ci da burodi tunda babu tuwo, kowa yana lasar yatsa. Ƙamshin daddawar nan ya fi komai sa ni kewar gida, har nakan juya baya kada a ga idona.

Da na ga wata ya mutu wani ya tsaya, na tare Lawwali a gaban mutane na ce ko ya kai mu gona ko in kama hanyar gida da ƙafata. Ya yi dariya ya ce 'yan Dutse akwai gaggawa. Amma bayan kwana kaɗan ya cusa mu a bayan motar siminti, ni da Malam Idi, muka nufi arewa.

Insala gari ne da rairayi ya kewaye, sai ka ga dabino ya tashi kore shar a tsakiyar babu. Mai gonar, Alhaji Muhutar, mutum ne mara yawan magana. Ya nuna mini itace da sandarsa, na ɗaura igiya, kafin ya gama gyara rawaninsa ina sama. Itatuwansu gajeru ne in aka gwada da na Baba, sai dai 'ya'ya kamar su karya reshe. Nan na ji daɗin aiki, ba zan ɓoye ba. Ina sarewa ina zuro wa Malam Idi da igiya, yana karɓa yana cika bakinsa, yana yi mini kirarin da babu wanda ya roƙe shi. Wata rana na kira wayar matata Hajara ta kai wa Baba. Bai tambayi lafiyata ba, ya tambayi ko dabinon Larabawa na da ƙaya irin tamu. Da za mu rabu ya ce, “An fara jin sanyi da asuba.”

Ciwon ya fara ne kamar wasa. Gefen goshina na dama ya riƙa zafi, irin zafin da mutum ke ji in ya matsa kusa da murhu, amma in na duba a madubin mota babu komai. Na ɗauka rana ce. Sai ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso, daga gira suka hau cikin gashi, wasu suka sauko har kan hancina. Abin mamaki, a tsakiyar goshi suka tsaya cak, ko ɗaya bai tsallaka hagu ba.

Malam Idi ya kama haɓata ya juya fuskata wajen haske, ya ce wannan ko makaho ya shafa ya san fitsarin hangara ne. Duk wanda ya yi noman gero ya san ƙwaron nan, in ya sauka a jikinka ya bar ruwansa sai fata ta yi bororo. Ni ma na sha gamuwa da ita a gonar kawuna, kuma maganinta haƙuri ne, kwana kaɗan ta bushe. Bai zo mana a rai ba mu tambayi kanmu me hangara za ta zo ci a ƙasar da babu ko karan gero ɗaya. Ya kwaɓa toka da man zaitun ya shafa mini, na ci gaba da aiki. Asibiti kuwa ko sunansa ba ma son ji, don ba mu da takarda, kuma mun ji labarin waɗanda aka kwashe aka zubar a bakin iyaka.

Ba ta bushe a kwana kaɗan ba. Idon ya kumbura ya yi ja, haske ya zama abokin gabata. Da ƙurajen suka yi ɓawo suka fara zuba, na ce to alhamdu lillahi, an wuce wurin. Ashe lokacin aka fara. Wata safiya na tashi fatar idon ta sauko ta rufe shi ruf, kumburi ya saɓe amma ta ƙi ɗaguwa, sai in sa yatsa in ɗaga ta kamar labule. Goshin kuma ya koma wani abu da ban san shi ba. In na danna shi da ƙarfi sai in ji kamar ba nawa ba, amma in iska ta shafe shi ko bakin hula ya taɓa, sai wani abu ya tsarga mini daga gira har ƙeya kamar na taɓa wayar lantarki. Alwala ta zama azaba. Sujada kuwa, na gwada kafa goshina a ƙasa na ji ihu ya fita daga bakina a tsakiyar salla. Na koma ina karkata kai ina ɗora gefen hagu. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, na riƙa tambayar kaina wane irin ciwo ne wannan da ke hana bawa kai goshinsa ƙasa.

Ana cikin haka Lawwali ya zo zagayen da yake yi wa yaransa, kamar yadda yake kiranmu. Ya dube ni daga nesa ya toshe hanci, ya je ya gaya wa Alhaji Muhutar da Larabci cewa mugun ciwo ne na ƙasarmu. Aka mai da shimfiɗata rumfar da ke kusa da awaki. Sannan ya dawo ya gaya mini da Hausa cewa in ba zan iya hawa ba akwai masu jira a Tamanrasat, kuma babu mai ɗaukar nauyin komawata. Na fahimci lissafinsa, so yake ya sa wani a gurbina ya ci ta baki biyu.

Na ɗaura igiya na hau da ido ɗaya. Hawan bai gagare ni ba, ƙafa ta san aikinta, ko da yake in na kai hannu ga reshe sai in tarar ya fi yadda na zata nisa. Na isa sama na cusa kaina cikin rassan kamar yadda na saba tun ina yaro. Wani siririn ganye ya shafi girata, shafa kawai. Ban san lokacin da hannayena suka buɗe ba. Wuƙa ta tafi, ni ma na bi ta, igiya ta riƙe ni a ƙugu na zamo ina gurzar ƙirji a jikin itacen har ƙasa. Da a garkar Baba ne, da gawata za a ɗauka.

Kusa da wurin akwai rumfar da mata ke zaɓen dabino, cikinsu da mahaifiyar Alhaji Muhutar, tsohuwa 'yar ƙarama da ba ta taɓa yi mini magana ba. Ta taso da sandarta ta tsuguna a gabana, ta bi tabon da ido, ta ɗaga yatsa ta ja layi a iska daidai tsakiyar goshina ba tare da ta taɓa ni ba. Ta faɗi wani suna da Larabci. Wani Buzu mai gadin gonar da ke jin Hausa ya ce mini ma'anarsa ɗamarar wuta, kuma marigayi mijinta ya yi irinsa. Ta kira ɗanta ta yi masa faɗa a gabanmu kamar yaron goye. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na ga babban mutum ya sunkuyar da kai ya je ya tayar da mota.

Asibiti ya kai ni, tare da Malam Idi da Buzun. Likitar mace ce, ba ta tambaye ni takarda ba. Buzun ne ya yi mana tafinta. Ta tambaya ko na yi ƙarambau ina yaro. Na ce wa bai yi ba? Ta ce to shi ne, bai taɓa barin jikina ba, kwanciya ya yi a cikin jijiya shekara da shekaru, wahala da gajiya suka tashe shi, ya biyo jijiyar da ke kula da goshi da ido. Ta ɗaga fatar idon ta sa in bi yatsarta da kallo, na ga fuskarta ta canja. Ta taɓa ƙwayar idon da bakin auduga, ko ƙiftawa ban yi ba, ban ma ji ba. Ta ce jijiyar da ke ɗaga fatar ido da juya shi ta taɓu, kuma idon da ba ya jin taɓi ƙasa za ta shiga ta ci shi mai shi bai sani ba. Sai ta tambayi yaushe ƙurajen suka fito. Da Buzun ya gaya mata, ya kuma ƙara da labarin toka, ta juya ta kalli Malam Idi. Ta ce akwai maganin da ke rage ɓarna in an sha shi a kwanakin farko. Ta ba ni na ɗigawa da na sha, ta ce hawa kuwa babu shi.

Muka kamo hanyar komawa gona, Malam Idi na gefena. Sai da muka sauka ya riƙe hannuna ya ce, “Wallahi Habu, hangara na ɗauka.” Na ce ni ma ita na ɗauka, Malam. Ya kwance sauran ƙullin daddawarsa ya tura mini a aljihu, wai in ci a hanya, kamar ana cin daddawa gaya.

Alhaji Muhutar ya sallame ni hannu da hannu, bai bi ta kan Lawwali ba. Tsohuwar ta sa Buzun ya tambaye ni me nake sauri in tarar a gida. Na ba ta labarin Baba da garkarsa. Ta shiga ɗaki ta fito da wani abu naɗe a takarda, busasshen furen namiji ne na itacen da suka fi ji da shi, wanda suke ajiyewa daga shekara zuwa shekara. Ta ce in kai wa tsohon.

Komawa ta fi zuwa wuya. A bayan buɗaɗɗiyar mota iska ba ta da inda za ta sai fuskata, rawani kuma ba ya taɓuwa a goshin. Na dunƙule ina cizon hannun riga. Wata mata 'yar Damagaram da ke komawa gida da ƙullin barguna ta lura da ni. Ba ta tambaye ni komai ba, ta sa aka matsa, ta jera ƙullin nata ta gefen damana ya zama mini katanga, ita ta koma bakin iska ta zauna. Haka muka yi har Arlit. Ban san sunanta ba, har yau ina sa ta a addu'a.

A Agadas fatar idon ta fara ɗagawa da kanta, 'yar tsaga kaɗan. Na yi murna har na sayi shayi na ba wanda ke kusa da ni. Da ta ƙara buɗewa sai na ga mai shayin ya zama biyu, butarsa biyu, hasumiyar masallacin garin ma biyu, ɗaya ta ɗan karkace ta hau kan 'yar'uwarta. Na kai hannu in ɗauki kofi na kama iska. Daga nan har gida da tsumma a kan idon na yi tafiya, kuma duk garin da muka tsaya sanyin safiya ya fi na jiya.

Hajara ta gan ni a ƙofar gida ta rufe baki da mayafi. Baba yana zaure a kan buzunsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya daɗe yana kallon tsumman, sannan ya ce sannu da hanya, ya ƙara da cewa manyan itatuwa biyu na bakin rijiya kubensu ya fara kumbura. Na ba shi saƙon tsohuwar. Ya buɗe ya shinshina, ya murza kaɗan a yatsa, ya ce ba laifi. Daga bakin Baba wannan babban yabo ne.

Likitan ido a nan Dutse bai saɓa wa ta Insala ba. Ya ce ganin biyu yakan daidaita a hankali, wata da watanni, wani lokaci kuma ya bar saura. Zafin goshin ma haka, babu mai yi mini alkawarin rana. Ya ba ni ƙwayar da ke lafar da jijiya, mai sa ni tangaɗi kamar wanda bai yi barci ba. Na tambaye shi hawa. Ya ce ko babur kada in hau.

Na shiga neman mai hawa. Lokacin barbara kowa na kan nasa, amma na samo wani mutumin kirki daga hanyar Jahun, na kawo shi har zaure. Baba ya sa aka dama masa fura, suka yi hirar damina da tsadar taki, ya raka shi bakin ƙofa ya ce ya gai da gida. Na yi magiya, na turo liman, na turo ƙanwarsa Gwaggo. Ya saurari kowa da ladabi. Da na matsa masa, har na ɗaga murya abin da ban taɓa yi ba, sai ya ce shekara ɗaya ba a yi barbara ba itace ba ya mutuwa, wannan gaskiya ne, amma shi bai taɓa barin su ba tun yana saurayi, kuma ba zai fara yana da rai ba.

Ranar da kuben farko ya fashe, na riga shi zuwa garka da hantsi. Ban sha ƙwayar ba don kada ta sa ni jiri. Na ɗaure idon, na ja hula ta rufe inda za ta iya rufewa ina cije baki, na ɗaura igiya a babbar uwar da ke bakin rijiya. Na yi sama kamar tsayin mutum biyu. Wani busasshen reshe da ya karye yana reto, iska ta kaɗo shi, bakinsa ya shafi gefen girata. Na tsinci kaina a ƙasa a zaune, ƙirji a gurje, ina kuka kamar ƙaramin yaro, ba don zafin kaɗai ba.

Ban ji zuwansa ba. Yana tsaye a bayana da sandarsa, takardar tsohuwar na leƙowa daga aljihun rigarsa.

“Kwance igiyar,” ya ce.

“Baba, don Allah.”

“Kwance, Habu. Rana na yi.”

Na kwance na miƙa masa. Ya jingine sandar a bakin rijiya, ya tuɓe takalmi, ya zagaya igiyar a ƙugun nan da ya taɓa karyewa, ya yi bisimilla. Ƙafar dama ta hau, ta hagu ta biyo a hankali tana rawa. Yakan ɗaga igiyar ya jira, ya ja numfashi, ya ƙara taku. Ina jin numfashinsa har ya yi nisan da na daina ji.

Na matsa gindin itacen don in tare shi in wani abu ya faru. Da ido ɗaya ina ganinsa sarai, amma na kasa gane nisansa, na kasa sanin inda zai sauka in ya taho. Sai na fizge tsumman na buɗe duka biyun. Itacen ya rabu biyu, Baba ya zama biyu, kowanne da farar riga, kowanne yana jan ƙafar hagu, suna ta yin sama. Na matsa ƙarƙashin wannan, na dawo ƙarƙashin wancan. Daga ƙarshe na tsaya a tsakaninsu na buɗe hannuwana, ban san wanne ne ubana ba.